Gayyar Waya

Duk wanda ya san Zuwaira matar Sammani direba a Batsari ya san ba ta son a manta cewa ita ce ta farko. Ita ta fara sayar da yaji da daddawa ta waya a unguwarsu, tun lokacin da mata ke ganin WhatsApp wurin tura gaisuwar Juma'a ne kawai da hoton jarirai. Da hannunta take daka yajin, ta zuba a robobi, ta ɗauki hoto ta sa a sitatus, Sammani ya ɗora a a-kori-kurarsa ya sauke wa masu oda a Katsina. Matan birni suka san ta, har ba a kiran sunanta sai an haɗa da yaji. Kuma yajin nata yaji ne, wannan ko maƙiyinta ba zai musa ba. Matsalarta guda ce: in aka yabi wani a gabanta, ji take kamar daga cikin rabonta aka ɗiba aka ba shi.

Ana nan sai wani babban kanti a Katsina, na wani Alhaji Salmanu, ya shigo harkar da ƙarfinsa. Inji ke niƙa masa yaji buhu-buhu, a ɗura a leda mai sheƙi da tambari. Ga 'yan mata masu zaƙin baki da ya ɗauka suna yi masa talla a TikTok, ga babura suna kai wa mutum saƙo ƙofar gida kafin ya sauke tukunya. Ba yaji kaɗai ba, har ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da man shanu, babu abin da ya bar wa kowa. Matan da ke ɗan juya sana'arsu daga cikin gida a Batsari da Safana suka fara ji a jikinsu. Mace sai ta wuni tana duba waya, ta girgiza ta, ta kashe ta kunna, ba wanda ya ce mata nawa ne.

A nan fa Zuwaira ta nuna cewa kanta na ja. A ƙauye ta tashi, ta ga yadda ake gayya: manomi ya kira jama'a, kowa ya saɓo fartanyarsa, a taru a nome masa gona rana ɗaya, wani jiƙon a koma ta wani. Wanda ya ƙi zuwa ta mutane, ko ya zo ya yi noman ganin ido, ranar tasa zai tarar da gona wayam daga shi sai ciyawa. Sai ta tara mata masu sana'a, ba su fi a ƙirga da yatsun hannu biyu ba, ta ce su ma su yi gayya, amma a waya. Kowace mace tana da ranarta. A ranar, duk sauran za su ajiye tallan kayansu, su ɗora nata a sitatus ɗinsu da lambarta, mutanen kowa su zama mutanenta. Alhaji Salmanu yana da kuɗin talla, su kuma suna da yawa, sarkin yawa kuwa ya fi sarkin ƙarfi. Abin ya karɓu. Wayoyi suka dawo ƙara, matan suka laƙaba wa Zuwaira Uwar Gayya, ita kuma tana cewa haba su bari, alhali in wata ta manta ba ta faɗa ba sai ta kwana da abin a ranta.

Ita da kanta ta jawo Mahfuza cikin gayyar. Mahfuza ɗiyar ƙanwar mahaifiyarta ce, tana aure a Safana, tana yin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Yarinya ce mai sanyin hali, in tana magana sai ka matso kusa. Zuwaira ce ta koya mata yadda ake riƙe waya hoto ya fita, ta ce ta riƙa shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin kaya irin yadda 'yan kantin Salmanu ke yi, kada ta kuskura turmi ko akuya ko bangon ƙasa ya fito, don mutanen birni ba sa son ƙauyanci. Mahfuza ta ce to Yaya. Ta bi wannan karatu na wani lokaci, ciniki kuma yana tafiya kadaran-kadahan.

Sai kakarsu ta wajen uwa, tsohuwa Jinjiri, ta taso daga Zakka ta zo Safana jinyar ƙafa, ta sauka gidan Mahfuza. Tsohuwar ba ta iya zama hannu rabbana. Ƙafa na ciwo amma ta jawo kujera 'yar tsugunno bakin murhu, ta karɓe murza ƙuli daga hannun jikarta tana ce mata raguwa. Mahfuza, don wasan jika da kaka kawai, ta ɗaga waya tana ɗaukarta. Jinjiri ta kare fuska da hannu mai maiƙo ta ce:

"Ke, ɗauke mini abin nan daga huska. Mi za a gani ga tsohuwa? Ku diba ƙuli, ba ni ba. Wanga hannu ya murza shi, ba inji ba. Mai haƙoran kirki ya tauna, wanda nasa suka zube ya jiƙa cikin koko kamar ni."

Ga hayaƙi, ga bangon ƙasa, ga akuya ta leƙo tana neman satar tunkuza. Duk abin da Zuwaira ta hana, ya taru a bidiyo ɗaya. Mahfuza ta ɗora shi a TikTok ba da wata manufa ba, kafin a ce kwabo ya zaga gari. Mutanen Kano da Kaduna da Abuja suka yi ta rubuto cewa tsohuwar nan ta tuna musu da kakanninsu, a aiko musu da ƙulin. Mahfuza ta koma sayen gyaɗa buhu-buhu, ta ɗauki matan maƙwabta suna taya ta suya.

Da farko Zuwaira ta yi murna, murnar baki. Ta tura mata barka a guruf ɗin gayya har da addu'a. Amma cikinta wuta ke ci. Abin haushin ma, ko kayansu ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya sayi ƙuli bai fasa sayen yaji ba. Ba abin da Mahfuza ta rage mata. Kishi dai ba ya tambayar dalili. Ta riƙa buɗe bidiyon tana kallon yawan waɗanda suka gani, ta rufe, ta yi tsaki, ta sake buɗewa. Tana cewa a ranta, wannan tsohuwar ai kakarta ce ita ma, ita ce ma babbar jika, ita ta fara goyuwa a bayanta. Da ta san ƙauyanci kuɗi ne, da tuni ta je Zakka ta ɗauko ta. Wata rana Sammani ya dawo daga Katsina yana cin tuwo yana kallon bidiyon yana dariya har da ƙwarewa, ya ce fasinjojinsa duk sun haddace maganar tsohuwa. Zuwaira ta ɗauke kwanon miya daga gabansa tun bai ƙoshi ba, ta ce kaji ma suna da haƙƙi.

Abin da ya ƙarasa ta shi ne Hajiya A'isha. Wannan babbar kwastomarta ce a Katsina, mace mai jama'a, wadda in za ta aurar da 'ya ko 'yar dangi, duk yaji da daddawar gara daga wurin Zuwaira take saye, ƙawayenta kuma su biyo sahu. Ranar nan ta kira, Zuwaira ta gyara murya tana jiran oda. Suka gaisa, aka tambayi maigida da yara da gajiya. Sai Hajiya ta ce ta ji an ce yarinyar nan mai tsohuwar ƙuli 'yar'uwarta ce, don Allah ta turo mata lambarta. Ta ƙara da cewa akwai bikin 'yarta nan gaba kaɗan, za ta neme ta ita ma in lokaci ya yi. Zuwaira ta tura lambar. Ranar ko girkin kirki ba ta yi ba.

Da ranar gayyar Mahfuza ta zagayo, Zuwaira ta tashi da ciwon kai. Mahfuza ta turo sabon bidiyo a guruf da sassafe, tsohuwa tana faɗa da akuya. Mata suka yi ta ɗorawa. Zuwaira ta zauna bakin turmi da waya a hannu tana tunanin mutanenta, mutanen da ta tara ɗaya bayan ɗaya shekara da shekaru, a ce yau ita da hannunta za ta kwashe su ta kai wa wadda ta riga ta ƙoshi. Ƙin ɗorawa kuma ba zai yiwu ba, ita ce Uwar Gayya, kowa idonsa na kanta.

Sai ta tuna ta taɓa ganin ƙanwar mijinta tana ɓoye wa surukanta sitatus. Akwai wani wuri a cikin wayar da mutum ke zaɓar waɗanda za su gani, sauran duniya kuma ba za su san an yi ba. Ta lalubo wurin, ta zaɓi matan gayya su kaɗai, sannan ta ɗora bidiyon, har ta rubuta a ƙasa cewa ƙanwata ta kaina, Allah ya ƙara kasuwa. Matan suka gani, suka ce Uwar Gayya ta cika uwa. Mahfuza ta turo godiya. Kwastoma ko ɗaya na Zuwaira bai ga komai ba. Ta ji wani sanyi a ranta, ciwon kan ya tafi, har ta daka yaji tana 'yar waƙa.

Ga inda ta yi kuskure. Ta san sitatus kwana ɗaya yake yi ya goge kansa, don haka ta ɗauka ɓoyon ma tare da shi zai tafi. Ba ta san ƙofa ce ta rufe wadda ba ta buɗuwa sai wanda ya rufe ta ya dawo ya buɗe ba. Ba ta sake bi ta wurin ba.

Washegari ta ɗora yajinta a kan farin ƙyalle kamar kullum. Shiru. Ta ɗora daddawa. Shiru. Ta duba masu gani ta ga 'yan tsiraru ne, ta ce sabis ne, dama yankin nan ba a rasa matsalar sabis. Ta sa Sammani ya sake mata data, ta hau kan tudun bayan gida tana ɗaga waya sama. Kwanaki suka yi ta tafiya, ranakun gayyar sauran mata suka zo suka wuce, tana ɗora musu da zuciya ɗaya, ba ta san a rufaffen ɗaki take ta shela ba. Robobin yaji suka taru a kusurwar ɗaki har atishawa ta hana yara barcin rana. Da ta lura cewa sunayen da ke leƙa ta kullum na matan gayya ne kawai, maimakon ta tuna abin da ta yi, sai zuciyarta ta ba ta amsar da ta fi so: mutanenta sun goge lambarta, kuma ruwa ba ya tsami banza, wani ne ya ɓata ta a wurinsu. Wa ke da lambar Hajiya A'isha yanzu in ba Mahfuza ba?

Sai ga hotunan bikin 'yar Hajiya sun fito. Zuwaira ta buɗa hoton gara da yatsu biyu tana dubawa. Ga ƙulin Mahfuza a manyan bokitai. A gefensa, inda robobinta suka saba zama, ledojin kantin Salmanu ne jere reras suna sheƙi. Ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta daure ta kira don yin Allah-sanya-alheri, ta ɗan gutsura maganar yaji. Hajiya, cikin hayaniyar 'yan biki, ta ce ai ta zaci ta bar sana'ar ne, shi ya sa ba ta so ta takura mata ba. Zuwaira ta ce wa ya faɗa mata haka. Hajiya ta ce haka dai ta ɗauka, ana kiranta, sai anjima. Wannan ya ishi Zuwaira hujja.

Matan gayya sukan haɗu a gidanta ranar kasuwar Batsari, saboda ranar ce motocin Safana ke yawa. Wannan karon kowa ta zo, har da Hansai mai man shanu daga wajen Babban Duhu, babbar mace wadda ba ta tauna magana kafin ta faɗa. Mahfuza ta shigo da ƙullin ƙuli na tsaraba, ta durƙusa ta gaida Yayarta. Zuwaira ta amsa da hanci. Ba a gama shan ruwa ba ta buɗe wuta. Ta ce akwai wadda aka ɗauko daga bakin murhu ba ta san ko yadda ake riƙe waya ba, aka koya mata, aka haɗa ta da mutane, yau ta samu wuri tana bi gida-gida a waya tana cewa Zuwaira ta daina sana'a. Ta ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Ba ta ambaci suna ba, amma ko makaho ya san inda take kallo.

Mahfuza ta yi ta rantsuwa cikin ƙaramar muryarta, hawaye na zuba. Hansai ta ce zargi ba hujja ba ne, in akwai shaida a kawo. Zuwaira ta zaro waya daga jaka ta cilla wa Mahfuza a cinya.

"Ga shaida nan. Buɗe ki gani da idonki. Daga ku sai ku ke kallona. Ina mutanena? Ina kika kai su?"

Mahfuza ta share ido ta duba sunayen. Ta ɗan tsaya. Ta taɓa wani wuri, ta sake taɓa wani, sai fuskarta ta canza. Ta ɗago ta kalli Zuwaira, kallon da ba na fushi ba ne, ta yi sauri ta kife wayar ta ce wataƙila sabis ne Yaya, a bar maganar. Amma Hansai na zaune kafaɗa da kafaɗa da ita, kuma ta riga ta hango. Ta karɓi wayar ta ɗaga wa kowa ya gani: jerin sunayensu su kaɗai, an zaɓe su ɗaya bayan ɗaya, an rufe sauran jama'a a waje. Ta tambayi Zuwaira tun yaushe mutanen suka ɓace. Zuwaira, da bakinta, kafin hankalinta ya kamo, ta ce tun ranar gayyar Mahfuza.

A lokacin ne abin ya faɗo wa Zuwaira gaba ɗaya. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, sai ta fara cewa yara ne ke wasa da wayar, ko ƙanwar Sammani ce ta taɓa. Kowace mace a wurin tana lissafin tata ranar da ta wuce, da yadda ta yi wa Uwar Gayya godiya a kan aikin da ba a yi ba. Hansai ta miƙa mata wayarta, ta gyara mayafi.

"Ke kika kawo mana dokar gayya, Zuwaira, ba mu muka ƙirƙira ba. Kin san abin da ake yi wa mai noman ganin ido."

Suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Mahfuza ce ta ƙarshen fita. Ta tsaya a bakin ƙofa kamar za ta ce wani abu, sai ta ce a gaida yara kawai, ta bar ƙullin ƙulin a inda ta ajiye shi.

Zuwaira ta buɗe ƙofar da ta rufe a wayar, amma mutane sun riga sun saba da ledar Salmanu. Ɗaya-ɗaya ke leƙowa, su ce ashe tana nan, su wuce. Ba a fitar da ita daga guruf ba, ba kuma a sake kiranta Uwar Gayya ba, wannan kuwa ya fi mata zafi fiye da a kore ta. Da ranarta ta zagayo, ta tura hoton yaji tun da hantsi, don ba ta da wata dabara. Yajin ya fara canza ƙamshi, kuma jarinta kaf yana cikin robobin nan. Ta zauna tana bin sitatus ɗin matan. Hansai ta ɗora man shanunta. Wata ta ɗora turaren wuta. Kowa tana noman gonarta.

Wajen azahar wayar ta fara ƙara, ta ƙi tsayawa. Baƙin lambobi ne, daga garuruwan da yajinta bai taɓa zuwa ba. Ta duba ta ga dalili. Mahfuza ce, ita kaɗai. Ba ta ɗora hoton farin ƙyallen ba. Ta ɗauki tsohuwa Jinjiri tana barbaɗa yajin Zuwaira a kan dakakken ƙuli, ta kai baki, ta yi atishawa har kallabinta ya zame, tana zagin wanda ya daka shi tana ƙara ɗiba. A ƙasa an rubuta yajin gidanmu, ga lambar Zuwaira. Kafin la'asar robobin da ke kusurwar ɗakin nan duk sun samu masu saye, har ana jiran sabon daka. Tunda take sana'a ba ta taɓa ganin ciniki irin na wannan yini ba, kuma tunda take ba ta taɓa jin ɗaci irinsa ba.

Cikin saƙonnin akwai na wata mata daga Kaduna, mai shagon kayan miya, wadda ke son a riƙa kawo mata duk mako. Saƙon murya ne, Zuwaira ta kunna. Matar ta yi sallama ta ce:

"Don Allah ke ce yarinyar Mahfuza mai yi mata yaji?"

Zuwaira ta danna wurin ɗaukar murya. Ta yi bayani tiryan-tiryan, cewa ita ce babba, ita ta goyi Mahfuza, ita ta koya mata riƙe waya, ita ta fara wannan sana'a a Batsari tun ba kowa, ita ta kafa gayyar. Ta saurari abin da ta faɗa daga farko har ƙarshe. Ta kalli robobin, ta kalli turmi. Sannan ta goge, ta sake dannawa, ta gyara murya.

"Eh, Hajiya, ni ce. Roba nawa za a kawo?"